Murar Hunturu: Wa Ke Ƙirga Majinyatan Kademi?

Da zarar hunturu ya kankama, tari da majina sai su zama ruwan dare a Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi. Mukan ce “ai mura ce kawai”, a garzaya kyamis, a dama kunu mai citta. Alhali sunan nan ɗaya ya lulluɓe ƙwayoyin cuta iri-iri, waɗanda ba a rarrabe su sai an lakato majinar hanci da ta maƙogwaro an kai ɗakin gwaji.

Tun 2008 Nijeriya ke sa ido kan mura a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ana tura samfurin Abuja. Aiki ne abin yabo, sai dai idonsa bai cika hango wanda bai iso birni ba. Dattijon da numfashinsa ya sarƙe a Kademi, in ya yi nisa Babban Asibitin Gaya zai kai. Ya warke ko ya cika, da wuya a san ƙwayar da ta kwantar da shi.

Kakanninmu sun ga Marisuwa a 1918. Mu kuma mun ga Afrilun 2020, lokacin da ake ta haƙa kaburbura a Kano muna gardamar sanadi.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta tanada wa asibitin Gaya kayan ɗaukar samfuri da akwatin sanyi, ta riƙa kwasa duk mako, ko da daga Nuwamba zuwa Maris ne.