Rigimar Gida Da Ƙarar Kotu: Wace Ƙofa Za Ka Buga?

Mutumin da ya san hanyar kasuwar Gummi da ta Anka tun yana yaro, sau da yawa bai san hanyar kotun da ta dace da maganarsa ba. Sai ran da rigima ta tashi a gida ya fita a guje, ya buga ƙofar da ba ita ba ce. Ta haka ne maganar sadaki ko ta bashi ta kan zama ta 'yan sanda, iyali su sayar da hatsi da awaki, a ƙarshe kuwa ba a warware kome ba.

Tun ran 27 ga Janairu 2000, lokacin da Shari'ar Musulunci ta fara aiki a Jihar Zamfara a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kotuna iri biyu ne su ke aiki gefe da gefe. Akwai Kotunan Shari'a masu bin mazhabar Malikiyya. Akwai kuma Kotun Majistare da Babbar Kotun Jiha, inda a ke aiki da Final Kod na 1960 a kan laifuffuka. Dokar Shari'a ta Zamfara ta ce ikonta yana kan Musulmi, da wanda ba Musulmi ba in shi da kansa ya yarda. Mai karatu, ka lura da wannan kalma ta yarda. In an kai ka gaban alƙali, aka tambaye ka ko ka yarda a yi maka shari'a a nan, amsar da za ka bayar tana da nauyi ƙwarai. Kada ka ce i don kunya ko don gaggawa.

Yanzu bari mu zo kan aure, gama a nan ne yawancinmu mu ke tuntuɓe. Aure iri uku ne doka ta sani a Nijeriya: na al'ada, na Musulunci, da na rajista. Mutane da yawa suna tsammani da zarar fasto ya sa albarka, amarya ta sa farin lulluɓi, an yi auren rajista ke nan. Ba haka ba ne. Dokar Aure ta ce sai an kai sanarwa ofishin mai rajista, an manna ta kwana 21, sa'an nan ya ba da takardar izini. Dole a ɗaura auren cikin wata 3 daga ranar sanarwa, a ofishinsa ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, a gaban shaidu aƙalla 2. Inda ba a bi wannan ba, abin da ke hannun ma'auratan sau da yawa auren al'ada ne wanda aka sa wa albarka.

Mene ne bambancin? Auren rajista na mace ɗaya ne. Babu mai kashe shi sai Babbar Kotu, bisa dokar 1970. Mai unguwa ba shi da ikon raba shi, mayar da sadaki ba ya raba shi, takardar saki da miji ya rubuta da fushi ita ma ba ta raba shi. Kotun ba ta kan karɓi ƙarar ba kafin auren ya cika shekara 2 sai da izini na musamman, kuma sai an nuna mata cewa auren ya lalace har ba gyara.

Ga inda maganar gida ta ke zama laifi. A ce wani ya yi auren rajista, suka yi faɗa, matar ta koma gidan iyayenta. Bayan damina biyu ya kai sadaki wani gida, aka ɗaura masa aure na al'ada. A ganinsa ya gama da ta fari. A gun doka kuwa har yanzu ita ce matarsa, kuma Dokar Aure ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga mai yin haka. Abin tausayi shi ne ta biyun, wadda ba ta san kome ba. Ran da mijin ya mutu aka zo rabon gado, a ranar za ta ji cewa doka ba ta san aurenta ba.

Gado ma yana da nasa tarko, musamman a gidajen da wa Musulmi ne, ƙane Kirista. A Shari'ar Musulunci matar mamaci tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu. Amma bambancin addini yana hana gado. Uban da ke so ɗansa na wani addini ya sami wani abu, sai dai ya yi masa kyauta tun yana da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Ga masu bin al'ada kuwa, a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu, a shari'ar Ukeje da ta Anekwe, cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta, ko ta kori gwauruwa daga gidan mijinta, ba ta da wurin zama. A kan al'adun Ibo aka yi ƙararrakin, amma Kotun Ƙoli ta ƙasa duka ce. Mai bi da ke da gona ko gida, ya rubuta wasiyyarsa, ya sa hannu a gaban shaidu 2 waɗanda ba su da rabo a ciki. Rubuta wasiyya ba ya jawo mutuwa.

Sai maganar 'yan sanda. A ƙasar Anka da Bukkuyum, inda haƙar zinariya ta haɗa mutane da yawa cikin jari da bashi, ba wuya abokan ciniki su ɓata. Mai bin bashi ya kai ƙara caji ofis, wanda a ke bi ya ɓuya, sai a zo a tafi da matarsa ko tsohonsa wai har sai ya fito. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana wannan sarai: ba a kama wani a madadin wani, ba a kuma kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Wannan maganar kotu ce. Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Beli a caji ofis kyauta ne, ko da ya ke kowa ya san yadda a ke yi. Wanda aka tsare yana da ikon yin shiru har ya ga lauya. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da ya ke ji ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976 saboda talakawa.

Ba kowace magana ce za a kai kotu ba. Dattawan ekklesiya, limamai da masu sarauta suna kashe wuta mai yawa tun ba ta kama danga ba. Gummi ma ta yi dace, gama a 2013 aka naɗa Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon Babban Jojin Abuja, Sarkin Gummi. Amma sulhu yana da iyaka. Fyaɗe, kisan kai da satar mutane ba a rufe su da goro da ban haƙuri. Iyayen da suka karɓi kuɗi suka yi shiru a kan yarinyar da aka lalata sun bar mai laifin ya nemi ta gaba.

Iyalai da yawa da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyuka zuwa cikin garin Anka sun fito ba su ɗauki ko takarda ɗaya ba. In takardar aurenku ta ƙone ko ta ɓace, ba ta ƙare ba. Doka ta ce a cika takarda 2 ranar aure, a ba ma'aurata ɗaya, wanda ya ɗaura auren kuwa ya aika da ɗayar ga mai rajista cikin kwana 7. Ku je ofishin da aka ba da izinin auren, ku faɗi shekara da sunan majami'a, ku nemi kwafi mai hatimi.