Bida: Yadda Za A Ziyarci Unguwannin Masu Sana'ar Hannu Da Kuɗi Kaɗan

Mazauna Minna da ke sha'awar ganin ayyukan fasaha na gargajiya ba sa buƙatar tafiya Abuja ko Legas. Kimanin kilomita 85 kudu maso yamma da babban birnin Jihar Neja akwai Bida, hedikwatar masarautar Nupe, wadda Hukumar Raya Ilimi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya a shekarar 2021 cikin jerin biranen ƙirƙira a fannin sana'ar hannu da fasahar gargajiya.

Abin da ya sa ziyarar ba ta cin kuɗi shi ne, a Bida sana'a tana cikin unguwanni ne, a zauruka da rumfunan gidajen da suka gaje ta. Mafi shahara ita ce unguwar Masaga, inda ake narkar da gilashi. Masu wannan sana'a suna danganta asalinsu da ƙasar Masar. A da su da kansu suke haɗa ɗanyen gilashi daga yashi da kanwa, amma a yau kwalabe da aka gama amfani da su ne mafi yawan abin da suke narkarwa. Baƙo zai tarar da su zagaye da murhun ƙasa, wani na aikin zuga-zugi, wasu na naɗa narkakken gilashi a jikin sandar ƙarfe har ya zama ƙarau na hannu ko duwatsun wuya. Launin kwalbar da aka narkar shi ke bayar da launin abin adon. Masanin nan S. F. Nadel ya yi bayanin tsarin waɗannan gidajen sana'a a littafinsa kan masarautar Nupe da ya fito a 1942, kuma har yanzu gado ne ke riƙe da aikin.

Daga nan sai Tswata Mukun, unguwar maƙeran tagulla, masu yin tire da buta da tasa da kwanuka masu zane, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya. Saboda tsadar tagulla, da yawa daga cikinsu sun koma haɗawa da alminiyam, wanda ya fi sauƙin kuɗi ga mai ƙaramin ƙarfi. Ya kamata mai saye ya tambayi ko wane ƙarfe ne, ya kuma ɗaga ya ji nauyinsa, domin tagulla ta fi nauyi ƙwarai.

Motocin haya masu zuwa Bida suna tashi daga wajen Kpakungu a Minna. Hanyar ta daɗe tana fama da manyan motoci, don haka wanda ya yi sammako shi ne zai iya zuwa ya dawo a yini guda ba tare da biyan kuɗin masauki ba. A cikin gari, babur ko keke mai ƙafa uku ya wadatar, kuma Hausa tana aiki a kasuwa, ko da yake gaisuwa da Nufanci kan buɗe fuskar mai gida. Safiya ce lokacin da ya fi dacewa a ga aikin wuta, kafin rana ta yi zafi. A nemi izini kafin ɗaukar hoto. A kuma kauce wa kwanakin Sallah idan ana son sauƙi, domin lokacin hawan Bariki na Etsu Nupe, Alhaji Yahaya Abubakar, gari kan cika da baƙi, kuɗin mota ya tashi.

Batun ciniki yana buƙatar lura. Saye kai tsaye daga hannun mai sana'a ya fi arha a kan sayen kaya iri ɗaya a shagunan otal-otal na manyan birane, inda 'yan tsakiya suka ɗora ribarsu. Sai dai waɗannan gidaje suna gogayya da kayan ado na roba da na masana'anta da ake shigowa da su, kuma ƙarancin ciniki na sa matasa barin gadon iyayensu. Taya kaya da farashin da bai kai kuɗin itace da ƙarfe ba yana ƙara wa sana'ar rauni. Mai ƙaramin guzuri zai iya tsayawa a kan ƙarau biyu ko uku da ƙaramin tire, ya rage canjin da zai sayi ƙuli-ƙulin Bida na tsaraba kafin ya nufi tasha.