Jan Hankali Game da Kundin Kurakuran da ke Cinye Rumbun Kwamfuta

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na Kankiya da Kusada, ku sani akwai wata cuta da ke kama kwamfuta. Mutum yana zaune, sai ta ce rumbunta ya cika, alhali bai zuba kome ba. Daga nan ba ta karɓar lissafin kanti, ba ta ajiye hoton littafi.

Asalin abin shi ne, duk sa'ad da na'urar ta yi tuntuɓe, takan rubuta labarinsa a wani kundi, don mai gyara ya karanta. In kuskuren bai gushe ba, rubutun ba ya tsayawa, dare da rana. Misalinsa allon da ake ta yi wa rubutu ba a wankewa.

Wannan ya fi tsanani a Windows 7, wadda ta fito a 2009, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da ita a Janairun 2020, amma tana nan cikin tsofaffin kwamfutoci. Tana da kundi mai suna CBS, a cikin Logs, a cikin jakar Windows. In fayil ɗinsa ya wuce gigabait 2, sai matse shi ya gagara. Na'urar ta yi ta ƙoƙari tana kasawa, kowane karo tana barin tarkace a jakar Temp, masu suna da ya fara da cab, har rumbu ya cika maƙil.

To, ga magani bisa tertibi. Da farko a kwafe lissafin bashi da littattafai da karatun tafsiri a wani wurin ajiya dabam. Na biyu, a buɗe Disk Cleanup, a zaɓi rahotannin kuskure da fayilolin wucin gadi, a share. Na uku, in CBS ne ya kumbura, mai gyara ya tsayar da Windows Modules Installer, ya kawar da manyan tsofaffin kundaye da tarkacen Temp, sa'an nan ya sake kunna na'urar.

Amma a kiyaye abu biyu. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam. Haka kundi, a duba ƙarshensa tukuna a gane kuskuren da ke maimaituwa, in ba haka ba gobe ya sake cika. Kuma kada gaggawa ta sa a yarda a wanke kwamfutar baki ɗaya kafin a kwafe abin da ke ciki, domin lissafin bashi amana ce ta mutane, in ya salwanta husuma ce za ta tashi. Fayil ɗin da ba ka san aikinsa ba kuwa, ka bar shi, ka tambayi masani.

Allah Ya tsare mana amana, Ya sa albarka a nema, amin.