Halloween: Yadda tsadar kaya ke mayar da ma'aurata a Amurka ga allura da almakashi

A daren 31 ga watan Oktoban kowace shekara, titunan unguwanni a Amurka kan cika da yara masu shigar burtu, suna bi gida-gida ana ba su alewa. Wanda ya san tashe, inda yara kan liƙa gemun auduga su zaga gidaje cikin watan azumi, zai ga kamanni a zahiri, ko da yake asalin al'adun biyu bai haɗu ba. Sai dai bikin Halloween ya daɗe da wuce wasan yara. Manya ma sukan shirya liyafa, kuma abin da aka fi zuba wa ido a wurin shi ne shigar da miji da mata, ko saurayi da budurwa, za su fito da ita tare.

Wannan ƙawa tana cin kuɗi. Ƙungiyar 'yan kasuwar sayar da kaya ɗaiɗai ta Amurka, NRF, ta ƙiyasta cewa Amurkawa za su kashe dala biliyan 13.1 a bikin 2025, adadin da ya zarce dala biliyan 12.2 na shekarar 2023. Daga ciki, kimanin dala biliyan 4.3 kan tufafin shigar kaɗai za su tafi. Ga mutum biyu, kuɗin ninki biyu ne, a kan kayan da galibi dare ɗaya za a sa su.

Kasuwa ta canza

Abubuwa uku ne suka taru suka matse aljihun masu bikin. Na farko, akasarin kayan ana ɗinko su ne daga Chaina, kuma harajin shigo da kaya da gwamnatin Shugaba Donald Trump ta ƙara a 2025 ya taɓa farashinsu. Na biyu, kamfanin Party City, wanda ya shahara da sayar da kayan liyafa, ya sanar a watan Disambar 2024 cewa zai rufe shagunansa. Na uku kuwa ya shafi masu ɗinki da kansu ne: kamfanin Joann, da ya fara sayar da yadi a birnin Cleveland tun 1943, ya rufe dukkan rassansa kusan 800 a 2025.

Ke nan wanda ya saba sayen ɗinkakke ya rasa wani babban shago, wanda ya saba yankar yadi shi ma ya rasa nasa. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne akwatin tufafinsa, da kwalayen da aka kawo masa saƙo a ciki, da kuma shagunan gwanjo irin su Goodwill, waɗanda watan Oktoba ke cikin lokutan da suka fi ciniki.

Komawa ce ga asali

Haɗa shiga a gida ba baƙon abu ba ne a tarihin bikin. Masana da dama suna danganta tushensa da bikin Samhain na mutanen Ireland da Scotland na dā, wanda ke nuna ƙarshen kaka da shigowar hunturu. Daga baya ya haɗu da jajibirin ranar tunawa da waliyyai da Kiristoci ke yi a 1 ga Nuwamba. Mutanen Ireland da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan yunwar da ta fara a 1845, sun taimaka wajen yaɗa shi a can.

A wancan zamani kowa da abin da ya samu yake ɓad da kama: tsofaffin riguna, zanen gado, tsummoki da baƙin tukunya. Tun daga 1909 kamfanin takarda na Dennison ya fara buga wani ɗan littafi da ke koya wa matan gida yadda ake ƙawata liyafar da takarda mai launi, daga baya har da yin riguna da ita. Sai a shekarun 1930 ne kamfanoni irin su Ben Cooper na birnin New York suka mayar da kayan haja ta kanti. Shagunan Spirit Halloween, da ke buɗewa na 'yan watanni su rufe bayan bikin, a 1983 aka fara su a jihar Kalifoniya. Saboda haka ma'auratan da ke zaune yau da gam da almakashi, hanyar kakanninsu suka koma.

Sirrin shigar mutum biyu

Wani abin lura shi ne, shigar mutum biyu ta fi ta mutum ɗaya sauƙin haɗawa da araha. Wanda ya fito shi kaɗai dole kayansa su bayyana ko wane ne shi, daga hula har takalmi. Idan kuwa su biyu ne, kowane ɗaya yana fassara ɗan'uwansa. Farar riga ita kaɗai farar riga ce kawai. Amma idan mace ta sa fara mai harafin S, mijinta ya sa baƙa mai harafin P, kowa ya ɗora 'yar hular kwali da aka huhhuda, nan take Ba'amurke zai gane kwalaben gishiri da masoro ne da ke kan kowane teburin cin abinci a ƙasar.

Haka ɓarawo da jakar kuɗi. Miji ya sa riga mai ratsin fari da baƙi, ya ɗaura baƙin ƙyalle mai ramukan ido. Matar ta yanka wa tsohuwar rigar matashi ko buhu wurin wuya da hannuwa, ta zana alamar dala a ƙirji. Wasu kan fito a matsayin mai hasashen yanayi da girgijen ruwa: ɗaya da kwat da abin magana na kwali, ɗaya da lema da aka manna wa auduga, zaruruwa masu shuɗin takarda suna reto kamar ɗigon ruwa.

Masu sha'awar zane kan kwaikwayi fitaccen hoton nan da Grant Wood ya zana a 1930, wanda ke ajiye a gidan adana zane-zane na Chicago: manomi riƙe da babban cokali mai yatsu uku na kwasar ciyawa, mace a gefensa, dukansu fuska a murtuke. Baƙar kwat ta gwanjo, tabarau, doguwar riga mai farin wuya da sandar tsintsiya da aka yi wa yatsun kwali sun wadatar. Sauran aikin na fuska ne, wato kada ɗayansu ya yi murmushi. A 2023 kuma, da fim ɗin Barbie ya mamaye kasuwa, duk mai tufafi ruwan hoda a gida ya samu rabin shigarsa kyauta.

Waɗanda suka ƙware kan bi tsari guda. Sukan fara da buɗe akwati su ga abin da ke akwai, sannan su zaɓi shigar da ta dace da shi. Wanda ya fara da zaɓen shiga kafin ya duba kayansa, shi ne ke ƙarewa a kanti. Sukan kuma yanke iyakar kuɗi tun farko, daidai ruwa daidai tsaki, su kashe shi a kan abu ɗaya da ido zai fara sauka a kai, kamar hula ko gashin kanti.

Riba ba ta aljihu kaɗai ba ce

A 2019, ƙungiyoyin Hubbub da Fairyland Trust na Birtaniya sun binciki kayan Halloween da manyan shaguna ke sayarwa, suka gano kashi 83 cikin 100 na yadin roba ne da ake samarwa daga man fetur. Sun ƙiyasta cewa kayan na haifar da sharar roba kimanin tan 2,000 a ƙasar. Rigar da aka ciro daga akwati kuwa, bayan biki wanke ta za a yi ta koma inda ta fito.

Inda ake taka-tsantsan

Araha ba ta kawar da haɗari. Daren Halloween dare ne na kyandir, domin a cikin kabewar da aka fafe ake kunna shi a ƙofar gida. A 2014, kayan da 'yar mai gabatar da shirye-shiryen talabijin ta Birtaniya, Claudia Winkleman, ke sanye da su sun kama da wuta, yarinyar ta ƙone sosai, lamarin da ya sa manyan shagunan ƙasar tsaurara gwajin kayan yara. Kayan da aka haɗa a gida babu wanda ya gwada su, kuma auduga da takarda da zanen gado mai jan ƙasa duk abincin wuta ne. Shi ya sa ake ba da shawarar amfani da ƙananan fitilu masu batir.

Haɗari na biyu ya shafi mutunci. Shafa baƙin fenti a fuska don kwaikwayon baƙar fata abu ne mai mummunan tarihi a Amurka, tun zamanin da ake yin hakan a dandali don yi wa bayi ba'a. A watan Oktoban 2018, tashar NBC ta soke shirin Megyn Kelly bayan ta nuna ba ta ga aibun hakan a Halloween ba. Haka nan ana ƙyamar mayar da tufafin wata ƙabila ko addini abin dariya. Zanen gado da rawani na iya zama mafi arahar shiga, amma hoto ɗaya a Facebook ya isa ya jawo wa mutum asarar aiki.

Ga ma'aurata da yawa, abin da ke saura bayan an watse ba kayan ba ne. Maraicen da suka kwashe a falo ne, ɗaya na riƙe da kwali ɗaya na yanka, ana gardama a kan wanda zai zama gishiri da wanda zai zama masoro. Washegari, 1 ga Nuwamba, shaguna kan zabtare farashin abin da ya yi kwantai, kuma masu dabara a ranar suke sayen hular baɗi.