Matse Ƙarfi daga Ƙaramin Inji: Sabuba da Sakamakon Gyaran Mini Cooper S Mai Sufacaja

Tun daga farkon shekarun 2000 wata al'ada ta yi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar motoci a Birtaniya da Jamus da Amurka, wato ɗaukar ƙaramar mota mai ƙaramin inji a yi ta yi mata sauye-sauye har ta fitar da ƙarfin da a da ba a samunsa sai a manyan motoci masu silinda shida. Motar da ta fi kowace fito da wannan al'ada fili ita ce Mini Cooper S ta farko da kamfanin BMW ya ƙera a masana'antarsa ta Oxford tsakanin 2002 da 2006, domin injinta bai wuce lita 1.6 ba, amma an ɗora masa na'urar dura iska da ake kira sufacaja, kuma wannan na'ura ce ta buɗe wa masu gyara ƙofa mai sauƙin shiga. Bin diddigin abin da ya faru da wannan mota yana nuna cewa ƙarin ƙarfin da ake samu ana ciro shi ne daga rarar da injiniyoyi suka bari domin lafiyar inji, kuma zafi ne yake yanke iyakar abin da za a iya cirowa.

Yadda na'urar take aiki

Injin fetur yana samun ƙarfinsa daga ƙona mai a cikin silinda, mai kuwa ba ya ƙonewa sarai sai da iska daidai gwargwado, kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Saboda haka abin da ke takaita ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya shaƙa, tun da zuba ƙarin mai abu ne mai sauƙi amma mai ba tare da iska ba hayaƙi kawai yake zama. Injin da ba shi da mataimaki yana shaƙar abin da nauyin iskar sararin samaniya ya tura masa, wato kimanin ba ɗaya, wanda shi ne ma'aunin matsin iska a gaɓar teku. Sufacaja kuwa tana yi wa inji irin aikin da zugazugi ke yi wa wutar maƙera: tana cusa iska fiye da yadda za ta shiga da kanta, sai wutar ta ƙara ci. Bambancinta da turbo shi ne ita bel ne ke juya ta kai tsaye daga sandar inji, shi kuwa turbo hayaƙin da ke fita ta salansa ne ke juya shi.

Na'urar da ke kan Mini Cooper S ita ce Eaton M45, wadda ke bin tsarin da 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a Amurka a 1860 domin hura iska a tanderun narka ƙarfe. A cikinta akwai sanduna biyu masu fukafukai a murɗe da ke juyawa suna sarƙe da juna, suna kwashe iska daga baki suna tura ta ciki, kuma a kowane juyi ɗaya tana tura kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Da taimakonta injin da ke ba da ƙarfin doki 115 a Mini Cooper ta yau da kullum ya koma yana ba da 163, sannan 170 daga 2004, da ƙarin matsin iska na kimanin ba 0.8.

Abin da ya haifar da yawaitar gyaran

Sababi na farko shi ne araha da sauƙin matakin farko. Saurin juyawar sufacaja ya dogara ne da girman fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa a goshin na'urar, kuma duk lokacin da aka rage faɗin wannan faifai na'urar za ta ƙara gudu ba tare da injin ya ƙara nasa ba. Masu sayar da kayan gyara sun fito da faifai masu ragin kashi 15 da 17 da 19 cikin ɗari, kuma lissafi ya nuna cewa ragin kashi 15 yana ƙara wa na'urar gudu da kusan kashi 18, ragin kashi 19 kuwa da fiye da kashi 23. Faifan ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ƙwararren bakanike yana cire tsohon da abin janyewa ya ɗaura sabon da gajeren bel cikin 'yan sa'o'i, mai mota kuma ya ji bambancin tun daga fitarsa daga gareji, a ƙafarsa da kuma a kunnensa, domin kukan na'urar mai kama da fito yana ƙara kaifi. Da wuya a sami wani gyaran inji da ke ba da dawakai goma sha wani abu da kuɗi kaɗan haka.

Sababi na biyu yana cikin ginin injin kansa. Injin Tritec, wanda aka riƙa ƙerawa a Campo Largo ta ƙasar Barazil ƙarƙashin haɗin gwiwar Chrysler da BMW, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai kauri, wadda ta fi ta alminiyum nauyi amma ta fi ta jure matsi. Haka kuma an sauke ma'aunin matsewarsa, wato yadda fistan ke matse cakuɗen mai da iska kafin filogi ya kunna shi, daga 10.6 a Cooper zuwa 8.3 a Cooper S, domin a bar wa iskar da ake durawa wuri. Kamfanin da ke sayar da mota a ƙasashe da dama dole ya yi tanadi domin direban da zai sha mai marar kyau, da wanda zai hau tsauni da kaya a tsakiyar bazara, da wanda zai yi sakaci da canza baƙin mai, don haka yakan tsayar da inji nesa da iyakarsa. Wannan tazara ita ce jarin mai gyara, kuma a wannan inji tana da faɗi.

Sababi na uku shi ne kamfanin da kansa ya nuna hanya. Sunan Cooper ya fito ne daga John Cooper, maƙerin motocin tsere wanda motocinsa suka ci gasar Formula One a 1959 da 1960, wanda kuma ya sa hannu a Mini Cooper ta 1961, wadda samfurinta na Cooper S ya ci gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. Bayan rasuwarsa a shekarar 2000, kamfanin John Cooper Works da ɗansa Mike ya jagoranta ya fito da kayan gyara da dillalan Mini ke ɗaurawa ba tare da garanti ya ɓaci ba, waɗanda suka kai injin doki 200 a 2003, daga baya 210, sannan aka rufe da samfurin GP na 2006 mai doki 218 wanda aka ƙera guda 2,000 kacal. Da masu motoci suka ga haka sai suka fahimci cewa injin yana da sauran ƙarfi a ɓoye, ƙananan kamfanoni kuma suka shiga kasuwar da farashi mai rahusa. Yaɗuwar intanet a daidai wannan lokaci, da samuwar na'urar gwajin ƙarfin mota a garejoji masu zaman kansu, da kayan sake rubuta umarnin kwamfutar inji, sun sa ilimin da a da yake hannun 'yan tsere ya isa hannun kowa.

Sakamako a cikin inji

Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kuma wannan doka ce ta kimiyya da babu dabarar da ke kauce mata. Idan aka ɗauki iska mai zafin digiri 20 aka ƙara mata matsin ba 0.8, ko da na'urar ba ta da asara ko kaɗan zafin zai kai kimanin digiri 74. Na'urar Roots kuwa, da yake ba ta matse iska a cikin cikinta sai dai ta tura ta ta yi karo da wadda ke gaba, asararta tana da yawa, har iskar kan fito da zafin da ya haura digiri 100. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, wato iskar shaƙa da ke cikin kowace lita ta ragu, saboda haka akwai matakin da ƙara wa na'urar gudu yake ƙara lamba a agogon matsi amma ba ya ƙara ƙarfi sai kaɗan. A lokaci guda kuma na'urar tana cin rabonta daga ƙarfin injin da ke juya ta, rabon kuma yana ƙaruwa da ƙaruwar gudunta. Wannan ne ya sa tazarar da ke tsakanin faifan kashi 15 da na kashi 19 ba ta kai wadda ke tsakanin na kamfani da na kashi 15 ba, musamman idan inji ya kai ƙololuwar juyawarsa.

An tanadi na'urar sanyaya iska a saman injin, ƙarƙashin ramin da ke kan murfin gaba, amma ƙarama ce, kuma zamanta a kan inji yana sa ta jiƙe da zafi idan mota ta tsaya a cunkoso ko aka yi ta taka ta a jere. Idan iska mai zafi ta shiga silinda sai haɗarin ƙwanƙwasa ya taso, wato sauran cakuɗen mai da iska ya fashe da kansa kafin harshen wutar filogi ya iso gare shi, abin da ke dukan kan fistan kamar guduma, yana iya karya zobensa ko ya ƙona gasket. Kwamfutar inji tana sauraron wannan ƙara ta wata 'yar na'ura da ke manne da gangar inji, kuma da ta ji shi sai ta jinkirta kunna wuta ta ƙara mai domin sanyaya silinda. Ta haka inji yake tsira, amma ƙarfin da aka saya da kuɗi yake zubewa, shi ya sa motar da ta nuna lamba mai kyau a gwajin safiya mai sanyi takan yi sanyin jiki a zagaye na biyar na filin tsere.

Akwai kuma wani sakamako da ya keɓanta da wannan mota. Famfon ruwan da ke sanyaya inji ba shi da bel nasa, ana juya shi ne ta wasu ƙananan haƙoran giya da ke bayan sufacaja, don haka duk wanda ya ƙara wa sufacaja gudu ya ƙara wa famfon ruwa gudu, ko ya sani ko bai sani ba. Famfon da ya wuce kima yana iya kaɗa ruwa ya yi kumfa maimakon ya tura shi zuwa lagireto, haƙoran kuma, waɗanda ke cikin ɗan mai kaɗan da ba kasafai ake duba shi ba, suna saurin cinyewa, idan suka cinye kuwa ruwa ya daina zagayawa alhali inji yana ci gaba da aiki. Ƙaramin faifai yana rage wurin da bel ke kamawa, sai ya riƙa zamewa yana zubar da baƙin gari; injektocin kamfani suna kaiwa iyakar man da za su iya fesawa; kuloci da birki da tayoyin gaba, waɗanda su ne ke ja kuma su ne ke juya mota, duk suna karɓar nauyin da ba a auna su da shi ba. Abin lura a nan shi ne kayan John Cooper Works ba faifai kaɗai suka ƙunsa ba: sun haɗa da kan silinda da aka gyara hanyoyin iskarsa, da salansa mai sauƙin fitar da hayaƙi, da sabon umarnin kwamfuta, daga baya kuma da manyan injektoci. Tsadarsu ta fito ne daga waɗannan sassa da ke ba ƙarin iskar hanyar wucewa, kuma su ne mai neman araha yakan tsallake.

Sakamako a kasuwa da gaban doka

Al'adar ta samar da sana'a ga ƙananan masana'antu da garejojin da suka ƙware a mota ɗaya, ta kuma koya wa dubban masu motoci abubuwan da ba za su taɓa sani ba game da iska da mai da zafi. Ta sa mutum mai matsakaicin hali ya ɗanɗani gudun da a da sai mai dukiya, ta kuma tsawaita rayuwar motoci da dama da masu su suka riƙa kula da su saboda ƙauna. A ɗaya ɓangaren, kasuwar motocin hannu ta cika da injunan da ba a san abin da aka yi musu ba, domin faifai da umarnin kwamfuta ana iya mayar da su yadda suke kafin sayarwa, amma gajiyar da fistan ya yi ba ta komawa. Hukumomi ma sun sa ido: a Jamus sauyin da ba a amince da shi ba yana iya soke izinin hawan mota a titi, a Birtaniya ɓoye gyara ga kamfanin inshora yana iya ɓata yarjejeniyar, a Amurka kuma dokar tsaftar iska ta haramta taɓa na'urorin rage gurɓataccen hayaƙi, jihar Kalifoniya ma tana buƙatar takardar izini ta musamman ga irin waɗannan kaya.

Masana'antar kanta ta yanke hukunci a kan sufacaja a ƙananan motoci. A ƙarshen 2006 sabuwar Cooper S ta fito da injin da BMW ya haɗa da Peugeot Citroën, mai turbo da fesa mai kai tsaye cikin silinda, wanda ya ba da doki 175 da ƙarancin shan mai, domin turbo yana amfani da ƙarfin hayaƙin da dama asararsa ake yi. Dokar Tarayyar Turai ta 2009, wadda ta ɗora wa kamfanoni matsakaicin giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita zuwa 2015, ta ƙara tura kowa wannan hanya, har Volkswagen, wanda a 2005 ya haɗa sufacaja da turbo a inji ɗaya mai lita 1.4, daga baya ya ajiye sufacajar ya riƙe turbo. Wannan ya sa tsohuwar Cooper S ta zama abin nema ga masu son amsawar inji nan take da kukan na'urarta, kuma ƙarancin masu lafiya a cikinsu ya ɗaga darajar waɗanda ba a taɓa ba.

Idan aka auna duka ɓangarorin, gyara matsakaici da aka yi shi a dunƙule, wato faifan da bai wuce kima ba tare da isasshen sanyaya iska da mai mai inganci da umarnin kwamfuta da aka daidaita a kan na'urar gwaji, yana cin wani kaso na rarar injin ya bar saura, kuma tarihin kayan da kamfani ya amince da su ya tabbatar da cewa hakan mai yiwuwa ne. Gyaran da ya tsaya ga neman babbar lamba da mafi ƙarancin kuɗi kuwa yana cinye rarar duka, ya bar injin ba shi da abin kare kansa ranar da zafin gari ya tsananta ko aka sha mai marar kyau. Motocin nan yanzu sun kai shekara ashirin ko sun doshi haka, kuma abin da ke raba wadda ke kan titi da wadda aka kwance ake sayar da sassanta, sau da yawa, shi ne ko mai ita ya kashe wa sanyaya inji kuɗi daidai da abin da ya kashe wa ƙara masa iska.