Daga libarba zuwa bindigar toka: abin da ya kamata maharban Tsauni su sani game da ɗuri

Duk wanda ya taɓa kallon sinimar kaboyi ya ga wata ƙaramar bindiga mai juyi a ƙugun jarumi. Ita ce Hausawa ke kira libarba. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ya karɓi takardar mallakar fasaharta a shekarar 1836, kuma samfurin da ya fi suna shi ne wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1873. Tana da ramuka shida cikin wani ƙarfe mai juyawa. Amma jan kunama kaɗai ba ya tashe ta: tilas mai ita ya fara jawo ƴar gudumar baya da babban yatsa, a kowane harbi. Ɗurinta ma da haƙuri ake yin sa, don ta wata ƴar ƙofa ta gefen dama ake zura harsashi ɗaya bayan ɗaya, ta nan kuma ake fid da kwanso.

Masu hankalin cikin mutanen wancan zamani biyar suke ɗurawa, su bar rami guda fanko a ƙarƙashin guduma, domin in ta faɗi ƙasa cike, tana iya tashi da kanta. Sai a 1973, shekara ɗari cif, kamfanin Ruger ya sa wa irin tasa wani ƙarfen kariya da ya kawar da wannan haɗari. A sinima ba a nuna wannan; jarumi yakan yi ta harbi kamar bindigarsa ba ta san ƙarewa ba.

To, me ya haɗa wannan da mutanen Tsauni, a ƙasar Kance? Ɗuri ne ya haɗa su. Har gobe akwai masu libarba a Amurka da ba su yar da kwanson tagulla bayan harbi; sukan sabunta shi da albarushi da darma a gida. Maharbinmu kuwa, mai bindigar toka, kullum da hannunsa yake ɗuri ta baki. Dukansu biyu ransu yana rataye ga awo.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa aka ƙera igwa a cikin birni, aka kuma haɗa albarushi a nan gida. Da Turawa suka zauna a Burusel a 1890, sai suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, suka bar musu ta ƙanƙara da baƙin albarushi kawai. Sakamakon wannan bambanci ya fito fili a Tirmini a 1899, inda rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta kasa tsayawa gaban sojan Faransa, waɗanda ba su kai ta yawa ba. Tun daga nan bindigar ɗuri ta koma hannun maharba da masu yin taho-mu-gama ranar salla. A da, in an ce "ƴan bindiga", su ake nufi, mutanen fada masu tashin ƙura gaban sarki. Yau kalmar ta koma sunan ɓarayin daji, abin takaici.

Ga inda maganar take da nauyi. Albarushi iri biyu ne. Akwai baƙi, na kaka da kakanni, mai hayaƙi da toka. Akwai kuma marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago a 1884, shi ne ke cikin harsashin zamani. Na biyun ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ɗan kaɗan ake sawa. Baƙin albarushi yakan cika kwanson libarba har wuya, saboda haka ba a iya zuba awo biyu bisa mantuwa. Marar hayaƙi kuwa ƙasa-ƙasa yake kwanciya, awo biyu ya shige ba a lura ba, bindiga ta tarwatse. Shi ya sa masu wannan aiki can ba su yi sai da ma'auni mai nuna abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, da littafin awo a gabansu.

Idan bindigar da aka ƙera a masana'anta ke nan, ina ga wadda maƙeri ya haɗa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin tsohuwar mota? Maharbin da ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa cikin irin wannan, yana ganin ya sami ƙarfi a banza, hannunsa da idonsa ya sa a caca. Haka nan wanda ya yi ɗuri bisa ɗuri don ya manta akwai na jiya a ciki, da wanda bakin bindigarsa ya toshe da laka. A ganinmu, sarakunan maharba su ya fi kamata su ja kunnen yara a kan haka, don maganarsu ta fi ta ma'aikaci shiga.

Sai batun mallaka. A Nijar ba a riƙe libarba ko wata bindigar zamani sai da izinin hukuma, kuma wanda aka kama da ita ba takarda, shari'a ce ke jiransa. Tsauni ba ta da nisa da iyaka, kayan da ke ratsowa ta hanyoyin daji kuwa ba duka ne na alheri ba. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira CNCCAI, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone tarin makamai a Agadas, a bikin da aka kira wutar zaman lafiya. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga a ɗakin mahaifinsa, kada ya gwada ta don ya ga ko tana tashi. Ya ɗauke ta a matsayin mai ɗuri, ya kawar da ita daga inda yara ke kaiwa, ya sanar da maigari ko hakimi, su raka shi wurin jandarmomi a Matamaye.