Mene ne lissafin lanƙwasa da Einstein ya dogara da shi?

Duk sa'ad da labarin baƙin rami na sararin samaniya ya fito, kamar hoton da masana suka nuna a 2019, sai an ambaci ka'idar Einstein ta 1915. Ƙashin bayanta wani reshen lissafi ne da ake koyarwa a jami'a, wanda ke auna lanƙwasar fili da kalkulas, wato lissafin sauyi kaɗan-kaɗan.

A kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce. A bayan ƙwarya kuwa ta zarce haka. Masanin lissafi Gauss ya nuna a 1827 cewa mai awo a kan fili zai iya gane lanƙwasarsa ba tare da ya leƙo daga waje ba, kuma nan ne muhimmancin abin yake, domin ba mu da hanyar fita daga sararin samaniya mu dube shi. Wani masanin lissafin, Riemann, ya faɗaɗa tunanin a 1854. Einstein ya ɗora a kai: nauyin rana yana lanƙwasa sarari da lokaci, duniya kuma tana bin hanya mafi miƙewa a cikinsu.

Wasu na ganin karatu ne mai wahala marar amfani. Wahalar gaskiya ce, sai ɗalibi ya ƙware a aljabra da kalkulas tukuna. Amma yana da amfani: agogunan taurarin ɗan Adam na GPS suna wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, kuma da ba a gyara wannan da ka'idar Einstein ba, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da kimanin kilomita 10 kowace rana.